Wa Ke Tuna Mai Yin Allura?

Mutanenmu na Agege da Idi-Araba, in sun je asibiti ba a yi musu allura ba, sai su ce likita bai duba su ba. To, mai yin allurar fa?

Sau da yawa nas takan soke yatsanta garin mayar da murfin allurar da ta gama aiki da ita, haka ma leburan da ke kwashe shara. Idan majinyacin yana da ciwon hanta nau'in B, cikin mutum 10 marasa rigakafi har 3 na iya kamuwa. Na ƙanjamau kuwa wajen 3 ne cikin 1,000.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi ƙasashe su koma sirinji mai kariya kafin 2020, watau wanda da an gama allura sai tsinin ya shige ciki, ko murfi ya rufe shi. Amurka ta yi doka tun 2000. A nan kuwa maganar kuɗi ce. Sabon ya fi tsada, don haka ƙananan asibitoci ke jan ƙafa. Mu ma muna ƙara musu haɗari: ciwon da ƙwaya za ta warkar, mu dage sai allura.