Bayan Kyamara: Masu Jiran Kiran Furodusa

Wannan watan mu ajiye zancen wa zai auri wa, mu leƙa bayan kyamara.

Ku dai fuskar jarumi kuka sani a fosta. To amma kowane fim akwai mai riƙe fitila, mai ɗaukar sauti, mai kwalliya, da direban da ke kwasar jama'a zuwa lokeshin. Galibinsu ba albashi, ba takardar yarjejeniya. Furodusa ya kira ka, ka yi 'yan kwanaki, a sallame ka, sai kuma wani jiƙon.

A lokacin lafiya ma haka ake lallaɓawa, ina ga an shiga rikici? A 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a ƙarƙashin Abubakar Rabo ta dakatar da ɗaukar fim har wata 6. Masu hali suka tattara suka koma Kaduna. Yaron da ke jan wayar janareta fa? Kuɗin motar ma ba shi da su. A 2020 korona ta zo, aka kulle Kano a watan Afrilu, alhali kasuwar sidi ta riga ta mutu.

Ni a ganina, abin da ya fi cin ran waɗannan bayin Allah shi ne rashin sanin gobe. Talaka mai ƙaramin albashi ya san ƙarshen wata na tafe, yana iya cin bashin mai shago da ƙwarin gwiwa. Ɗan fim kuwa ko yau aljihunsa da nauyi, barcinsa rabi ne. Ya ɗaga ranar aure, ya riƙa kewaye layin mai gidan haya, waya na yin ƙara gabansa ya faɗi, ko aiki ne. Ga kunya: unguwa ta ga sunansa a talabijin, an ɗauka ya yi kuɗi, wa zai je ya roƙa?

Wannan tsoron ne ke sa a yi wa mutum ƙwauron sallama ya haɗiye, don kar gobe a ƙi kiransa.

Finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So sun ɗan kawo sauƙi, tunda aikin kan ɗauki watanni. Sai dai zango na ƙarewa, kowa ya sake zuba wa wayarsa ido.