Jarumin da Ba Ya Faɗuwa



Makon jiya wani ƙanena a nan Saulawa ya kawo mini labarin yaƙi in duba masa. Jaruminsa yana ɓacewa, yana tashi sama, ƙarfe ba ya cin sa, aljanu ma yaransa ne. A shafi na tara na ajiye. Wa zan ji wa tsoro?

Akwai wani wasan tebur da ya fito a Amurka a 1974, Dungeons & Dragons, inda kowa ke riƙe jarumi ɗaya, ɗan lido ya yanke ko yunƙurinsa zai ci. Matsafin wasan abin tsoro ne, amma a wancan lokacin tsafinsa ƙidayayye ne kowace rana, kuma an hana shi sulke. Dole ya fake bayan mayaƙi. Ta haka kowa ke samun aikin yi.

Wani zai ce ai Iliya Ɗan Maiƙarfi ma gagara-gasa ne. To, amma da nakasa ya fara, ko tafiya ba ya iyawa, shi ya sa muka damu da shi.

Na ce wa ƙanen nawa ya zaɓi baiwa ɗaya, ya sa mata farashi. Ya zaɓi layar zana, wadda ke kurmantar da jarumin muddin yana ɓoye.