Lambu cikin gilashi: kiwon kifin ado ba tare da inji ba

A wasu ofisoshi da falon manyan ƴan kasuwa na Yamai da Maraɗi akan ga akwatin gilashi cike da ruwa, kifaye masu launi na kai da kawowa, inji na hura kumfa. Abin gwanin sha'awa ne, sai dai ran akwatin yana rataye da wutar lantarki. Idan kuran ya ɗauke na yini guda a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, da maraice sai a tarar da kifayen sun taso sama ciki a waje, kuɗi sun bi ruwa. Dalili kuwa, ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi.

Akwai wata hanya wadda ta girmi injin. A shekarar 1850 wani masanin haɗa sinadarai a birnin Landan, Robert Warington, ya nuna cewa kifi da tsiron ruwa da katantanwa suna iya zama cikin mazubi ɗaya, kowa na cin moriyar ɗan'uwansa, ba a sauya ruwan ba. A 1999 wata Ba'amurkiya, Diana Walstad, ta farfaɗo da wannan dabara cikin littafi, har ake kiranta da sunanta. Tushen maganar ba wuya: kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa su zama amoniyak, wanda guba ne ga kifi amma taki ne ga tsiro. Tsiron ya sha dafin, da rana kuma ya saki iskar da kifin ke shaƙa.

Akwati mai tsawon santimetir 60, faɗin 30, tsayin 35 yana ɗaukar kimanin lita 60. Masu yanka gilashin taga suna iya haɗa shi da silikon. Idan ya cika nauyinsa yakan kai kilo 80, saboda haka teburin biro mai rawar ƙafa ba wurin zamansa ba ne. A shimfiɗa ƙasar lambu kaurin santimetir 2 ko 3, wadda ba a zuba mata takin zamani ko ɗanyen kashin dabba ba, a rufe ta da tsakuwar gulbi wankakkiya, ita ma kwatankwacin haka. Ruwan famfo kuma a bar shi ya kwana a bokiti kafin a zuba, domin kulor ɗin da ake tsabtace shi da shi ya fice.

A wajen tsiro ne ba a rowa. Wanda ya dasa biyu ko uku don ado, gansakuka za ta riga su cinye takin, ruwan ya koma kore. Tun ranar farko ake cika akwatin. Anubias, wanda asalinsa bakin rafukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, yana jure inuwa. Ba a binne gindinsa, ɗaure shi ake a jikin dutse. Kainuwa kuwa, dashen Allah, saiwoyinta na zuƙe datti da sauri, amma a riƙa rage ta kada ta rufe fuskar ruwan. Haske kusa da taga ya isa, muddin rana ba ta dukan gilashin kai tsaye.

Sai a yi hattara da abin da aka ɗebo daga tabki. Ƙananan katantanwan ruwan kwance su ne ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke shiga ta fatar mutum, yara kuwa ba su ganin ruwa su bar hannunsu a aljihu. A wanke tsiron, a tsince katantanwa da ƙwansu, a ajiye shi wasu makonni a bokiti daban. Haka nan akwatin zai zauna mako uku ko huɗu ba kifi, kafin ƙasar ta lafa. A wannan tsakani a rufe bakinsa da ƙyallen gidan sauro, in ba haka ba maigida ya buɗe wa zazzaɓin cizon sauro masauki a falonsa.

Karfasa tana tone ƙasa ta cinye tsiro, tarwaɗa tana haɗiye maƙwabta, wurinsu tukunya. Ƙaramin kifin nan guppy, ɗan asalin Kudancin Amurka, shi ya dace: shida ko takwas sun isa, suna cin tsutsar sauro, suna haihuwa ba a roƙe su ba. Abinci sau ɗaya a yini, abin da za su cinye cikin minti biyu. Yawan ciyarwa ya fi yunwa kashe su, har ɗan kasuwar da ya tafi Kano kwana huɗu zai dawo ya iske su lafiya, in dai bai bar wa yaron gida gwangwanin abincin ba.

Abin da ya rage, a ƙara ruwan da zafi ya shanye, a datse ganyen da ya yi yawa. Tsiron da aka cire a shanya shi ya bushe, kada a zubar a gulbi ko magudana. Ciyawar nan mai shuɗin fure da ake kira jacinthe d'eau, wadda ta addabi masunta da masu jirgi a kogin Neja, don ado aka fito da ita daga Kudancin Amurka.