Raunin da Ba a Kai wa Likita a Ƙonni

Ranar Laraba kasuwar Birnin Ƙonni takan cika ta batse. Ga albasar Galmi, ga kayan masarufi da ke ƙetarowa daga Illelar Najeriya, ga 'yan canji da bandir ɗin naira da na sefa. Akwai kuma hajar da ba a ɗaga murya wajen tallarta, sai dai a bi ta gida gida ko a tura hotonta ta WhatsApp: ƙulle-ƙullen leda da 'yan kwalabe marasa takarda, waɗanda ake kira kayan mata ko hakin maye. Mai saye ba ta tambayar abin da ke ciki, mai sayarwa ma sau da yawa sari ta yi.

Wannan haja tana da hannu a wata matsala da ma'aurata da yawa suka sani amma ba sa furtawa. A wajen auratayya akan samu 'yan raunuka: tsagewa ƙarama a bakin gaba, saɓulewar fata saboda guga, kumburi, raɗaɗi in fitsari ya taɓa wurin, wani lokacin shatin farce ko na haƙori. Mata sun fi samu, amma maza ba su tsira ba. Mafi yawan raunukan kan warke da kansu cikin kwana biyu zuwa mako guda, don fatar wurin tana da yalwar jijiyoyin jini. A ganin mai wannan shafi, raunin ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne abin da ake cusawa kafin a same shi, da abin da ake shafawa bayan an same shi.

Tushen raunin biyu ne, bushewa da gaggawa. Jikin mace yana fitar da ni'imarsa ne idan hankalinta ya kwanta kuma aka ba ta lokaci. Tsoro yana hana wannan, gajiya ma haka. Shayarwa kuma tana rage sinadarin estrojin a jiki, sai fatar gaba ta siranta ta bushe, kamar yadda take yi wa macen da al'ada ta ɗauke mata. A ƙasar da binciken 2021 ya nuna mace kan haifi 'ya'ya sama da 6, kuma akan shayar da yaro har kusan shekara biyu, lissafin mai sauƙi ne: matar aure a Malbaza ko Badagishiri tana shafe shekaru masu yawa a cikin wannan hali. Ba ciwo ba ne, ba kuma alamar ta daina son mijinta ba ce, ko da yake da haka ake yi mata gori.

Daga gorin nan ne mai kayan mata take cin kasuwa. Abin mamaki, a faranti ɗaya za ka tarar da maganin ƙarin ni'ima da maganin matsi, alhali aikin na biyun ya saɓa wa na farkon. Abubuwan matsi irin su alimun, wanda ake tace ruwa da shi, da garin bagaruwa, tsotse danshi suke yi su ƙanƙance fata na ɗan lokaci. Bagaruwar nan fa ita ce majema ke jeme fatar akuya da ita. Macen da ta cusa ta, ko ta yi tsarki da ruwan kanwa, ko ta riƙa wanke ciki da sabulu, ta bushe wurin da ya kamata ya yi santsi, ta kuma kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke tsare shi daga ciwon sanyi. A 2011 masana suka haɗa bayanan mata kusan 15,000 daga ƙasashen Afirka kudu da Sahara, suka ga waɗanda ke cusa abin busarwa ko na matsi, da masu goge ciki da tsumma, da masu wanke shi da sabulu, sun fi saurin kamuwa da ƙwayar cutar sida. Gaskiya ne sida ba ta yi yawa a Nijar ba, masu ita ba su kai mutum 1 cikin 100 ba. Amma Ƙonni gari ne na kan iyaka, mahaɗar manyan motoci daga Yamai, Tawa, Maraɗi da Sakkwato, kuma tsagar da ke ba sida hanya ita ce ke ba ciwon hanta da tunjere.

Sai batun daren farko, inda al'ada ta fi yin ɓarna. Binciken lafiya na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. Yarinya ce ake kaiwa ɗaki a tsorace, ga ango da abokai suka zuga, ga dangi na jiran labari da safe. An ɗauki jini a matsayin shaidar mutunci, alhali mata da yawa ba sa zubar da ko ɗigo a saduwar farko, kuma tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani gwaji da ke tabbatar da budurci. Jinin da ake yi wa guɗa, a lokuta da dama, tsagewa ce da gaggawa ta jawo. In amaryar ta ci gaba da gudun ɗaki saboda zafi, a wasu ƙauyuka sai a ce gishiri ne ko angurya, a kira wanzami da askarsa. Dokar Nijar ta 2003 ta haramta yi wa mata irin wannan yanka. Likitocin da ke ɗinkin yoyon fitsari a Danja kusa da Maraɗi, da asibitin Maryam Abacha na Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, sun san yadda aska kan huda mafitsara. Ciwon da kwana uku na hutu zai warkar, ya koma na shekaru.

To me za a yi in an samu raunin? Abu kaɗan ne. A wanke wajen da ruwa mai tsabta mai ɗan ɗumi, a tsane da ƙyalle mai laushi ba tare da gogawa ba, a sa kamfai na auduga mara matsewa, a dakata da kusantar juna har wurin ya rufe. In fitsari yana sa raɗaɗi, a riƙa zuba ruwa da buta a lokacin da ake yi. Kumburi ko tarin jini a ƙarƙashin fata yana sauka da ƙanƙara da aka naɗe a tsumma, na minti goma zuwa sha biyar, kuma parasitamol ya isa ga zafin. Zama cikin ruwa da iyaye mata ke sa amarya yana da amfani, amma da sharaɗi: ruwan da gwiwar hannu za ta jure, ba tafasasshe irin na wankan jego ba, kuma ba a barbaɗa masa komai. Cizon da ya fasa fata kuwa dabam yake, don bakin ɗan Adam cike yake da ƙwayoyin cuta. Shi a wanke shi da sabulu sosai, a nuna wa ma'aikacin lafiya a ranar.

Abubuwan da ya kamata a guje wa sun fi waɗanda ake bukata yawa. Dettol, man zafi irin su Robb, man goge baki, miski, turaren tsuguno a kan ɗanyen rauni, kowannensu ƙuna yake ƙarawa. Mafi yaudara su ne mayukan nan na tub da masu yawo da magani a faranti ke bayarwa ga kowane irin ƙaiƙayi. Yawancinsu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid mai ƙarfi, irin wanda ke cikin man bilicin. Yau za su kwantar da raɗaɗi, amma in aka daɗe ana shafawa fatar takan siranta, ta riƙa tsagewa da ɗan abu kaɗan.

Rigakafin da ya fi kowanne arha shi ne haƙurin miji da yanke farce. Bayansa sai man santsi da aka yi musamman don wannan aiki, mai tushen ruwa, irin K-Y Jelly, wanda ake nema a farmasi. Basilin da man kaɗanya da man jarirai sun fi kusa da hannu, sai dai duk mai yana raunana kwaroron roba cikin 'yan mintuna har ya fashe.

Akwai inda haƙuri a gida yake ƙarewa. Jinin da ya ƙi tsayawa ko ya jiƙa audugar mata cikin awa guda, zazzaɓi, mugunya ko wari, raunin da ya wuce mako bai rufe ba, duk na asibiti ne, ko cibiyar lafiya ta unguwa (CSI), ko asibitin gundumar Ƙonni, ko na Galmi da ke aiki tun 1950. Ƙurajen da ke fashewa su warke su dawo ba guga ba ce. Gyambon da ba ya zafi ma ba guga ba ce, yana iya zama tunjere, kuma miji da mata da kishiyoyi ake yi wa magani tare. Tsagewar da ke yawan dawowa da farin ruwa da ƙaiƙayi takan sa likita ya auna sukari. Macen da ke ganin jini duk bayan saduwa kuwa, a duba bakin mahaifarta, don sankarar wurin da haka takan fara sallama.

Raunin da ke maimaituwa saboda ana tilasta wa mace ba ya cikin ƙananan raunuka. Cutarwa ce, kuma a fiƙihun Malikiyya da ake bi daga Sakkwato har Tawa, cutarwa hujja ce da mace za ta kai gaban alƙali.

Shi ya sa maganar nan ba ta ungozoma da amarya kaɗai ba ce. Nijar tana da makarantun mazaje, waɗanda aka fara a jihar Damagaram wajen 2008 kafin su bazu zuwa wasu jihohi, inda magidanta ke zama su tattauna awon ciki da tazarar haihuwa. Mazan da suka iya yin wannan zance a bainar jama'a za su iya jin cewa mai jego tana bukatar cikar arba'in da ƙarin sassauci bayanta, musamman in an yi mata ɗinki. Malaman da ke karantar da babin haila da wankan janaba a zaure ba tare da sunkuyar da kai ba, su ma suna da wurin da za su saka wannan darasi. Ita kuma ma'aikatar lafiya, da ta mai da kayan tazarar haihuwa kyauta tun 2006, ba zai gagare ta ba ta ajiye man santsi a ɗakin da mata ke karɓar su, ta umarci ungozomomi su riƙa yi wa mai shayarwa tambayar da ita ba za ta fara yi ba.