Ba Kowane Ciwo Ne Taifot Ba, Ba Kowane Sauƙi Ne Waraka Ba

A Birnin Gwari, kamar sauran garuruwanmu, mutane sun riga sun yanke hukunci cewa wanda aka sallama da ƙwayoyi ba a duba shi ba. Sai an soka masa allura, ko an rataya masa leda an yi ƙarin ruwa, sannan dangi su ce mai kemis ya san aiki. Ciwon kuwa kullum sunansa ɗaya, taifot da maleriya. Wannan ra'ayi yana cinye kuɗin talaka, yana kuma rufe wata cuta da ta fi ƙarfin ledar ruwa.

A dubi su wa ke ciwon. Mutane ne da suka shafe sama da shekara goma 'yan bindiga na fitowa daga dazukan Kamuku da Kuyambana suna afka musu. Akwai 'yan Dogon Dawa da aka harbe musu 'yan'uwa bayan sallar asuba a 2012, akwai na Gwaska da aka yi wa kisan gilla a 2018, ga waɗanda suka sayar da gona suka biya kuɗin fansa. An yi sulhu a ƙarshen 2024, kasuwar kara ta buɗe, alhamdulillahi. Amma wanda ya shekara goma yana kwana da kunne ɗaya, jikinsa ba ya sakewa don an yi taron sulhu. Fargaba mai daɗewa tana sa jiki ya yi ta zubo sinadaran firgici, gaba ya riƙa faɗuwa, jini ya hau, barci ya ƙaurace, ciki ya yi ta zafi. Sai a yi gwajin Widal, wanda likitoci suka daɗe da sanin yakan nuna taifot har ga lafiyayye, a ce an gano.

Za ku ce ai kuna jin sauƙi bayan ƙarin ruwan. Ban ƙaryata ku ba. A 1978 Jon Levine da abokan aikinsa a San Faransisko suka ba waɗanda aka cire wa haƙori allurar da babu magani a cikinta, wasu zafin ya ragu. Da aka ba su naloxone, mai toshe aikin sinadaran kashe zafi na ƙwaƙwalwa, zafin ya dawo. Wato sa rai da sauƙi kaɗai yana sa ƙwaƙwalwa ta saki nata maganin. Balle matar da ta samu awa biyu a kwance, ana yi mata sannu, bayan shekaru ba wanda ya tambaye ta yadda take kwana.

Sai dai wannan sauƙi yana da iyaka. A 2011 masu bincike a Jami'ar Harvard suka gwada masu asma: waɗanda suka shaƙi abin da ba magani ba sun ce sun ji daɗi kusan daidai da masu maganin gaske, amma awon huhu ya nuna ƙarin kashi 7 cikin 100 kawai, na gaske kuwa kashi 20. Haka mai hawan jini zai tashi daga gadon kemis yana godiya, jinin na nan a sama har ya shanye masa ɓarin jiki. Maleriya gaskiya ce, tana kashe yara, mai amai da gudawa ma yana buƙatar ruwa. Don haka ne ya kamata a gwada da kyau, ba a ɗora wa kowa leda ba.

Ya kamata Gwamnatin Kaduna ta haɗa kai da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, a horar da ma'aikatan Babban Asibitin Birnin Gwari da na asibitocin Kuyello da Randagi su iya gane damuwa da firgici. Malamai su faɗa a huɗuba cewa wannan ciwo ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne. Kai kuma ɗan'uwa, kafin ka miƙa hannu a sa maka ruwa, ka ce a auna jininka, ka kuma gaya wa likita tun yaushe rabonka da barci.