Da tsohuwar zuma ake magani: Darasin Jutta Müller ga matasan Jega, Aliero da Maiyama

Mafi yawan masu karanta wannan shafi ba su taɓa ganin filin ƙanƙara ido da ido ba, balle su ga mutum ya ɗaura takalmi mai kaifin ƙarfe yana zamiya da juyi a kai, alƙalai na ba shi maki. Wasan ƙasashen sanyi ne. Duk da haka, tarihin wata Bajamushiya da ta ƙare rayuwarta a cikinsa ya shafi filayenmu na ƙwallo da dandalin dambe da kokawa kai tsaye.

Sunanta Jutta Müller. An haife ta a birnin Chemnitz a 1928, ta mutu a watan Nuwamban 2023 tana da shekara 94. Lokacin da take wasa da kanta ba ta yi wani tashe a duniya ba. Babban abin da ta ci shi ne gasar Jamus ta Gabas ta 'yan bibbiyu a 1949, abokiyar wasanta kuma mace ce kamarta, saboda yaƙin duniya na biyu ya cinye maza da yawa. A tsakiyar shekarun 1950 ta koma koyarwa, daga nan ne sunanta ya fito.

'Yarta Gaby Seyfert ta ci kambun duniya a 1969 da 1970. Jan Hoffmann ya ci a 1974 da 1980. Anett Pötzsch ta ɗauki zinare a gasar Olamfik ta 1980. Sai Katarina Witt, wadda ta ci zinare a Sarajevo a 1984, ta sake ci a Calgary ta ƙasar Kanada a 1988. A taƙaice, zinaren Olamfik uku da kambun duniya goma sun fito daga hannun malama ɗaya a gari ɗaya.

To mu fa? Kowace unguwa a Jega tana da wanda ake cewa "ai da can babu kamarsa a fili". Haka a Aliero, haka a Maiyama. Ya yi zamaninsa, an tafa masa, shekaru sun ja, gwiwa ta fara ciwo, ga iyali. Sai ya koma kasuwa ko gonar albasa ko kabu-kabu, kuma babu laifi a neman halal. Laifin shi ne duk abin da ya koya cikin shekara goma sha biyar yana tafiya tare da shi, babu wanda ya gada. Yaran da suka taso sai su koyi ƙwallo a gidan kallo, su fita fili babu ɗumama jiki, babu tsari, wanda ya ji rauni a ce ya tashi ya daure.

Abin mamaki, mun fi kowa sanin darajar gadon sana'a. Daga nesa ake ɗauko masu karaya a kawo su Aliero saboda masu ɗorinta, kuma ɗorin nan bai ɓace ba don kowane gwani yana zaunar da yaro kusa da shi har hannunsa ya faɗa. Manomin albasa ma haka yake koya wa ɗansa renon iri da adanawa a rumbu. Me ya sa wasa kaɗai muke bari ya mutu da mai shi?

A Najeriya ma an ga amfanin tsohon ɗan wasa. Marigayi Stephen Keshi ya ɗaga kofin Afirka yana kyaftin a 1994, ya sake ɗaga shi yana koci a 2013. A shekarar ce kuma Manu Garba ya jagoranci 'yan ƙasa da shekara 17 suka ci kofin duniya a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, bayan sun doke Meziko da ci uku da nema.

Sai dai ba komai na Jamus ta Gabas ne abin koyi ba. Gwamnatinta ta mai da wasanni kayan farfaganda, jami'an leƙen asiri na bibiyar 'yan wasa, kuma bayan rushewar ƙasar an tabbatar an riƙa ɗirka wa matasa ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni da dama. Ita kanta Müller an san ta da tsanani. Abin ɗauka a wurinta shi ne dagewa da tsari da riƙe yaro shekara da shekaru. Zagi da duka da hana yaro makaranta ko Islamiyya kuwa, wallahi ba horo ba ne.

Kiranmu na farko ga tsofaffin 'yan wasa ne. Ka ɗauki yara goma sha biyar na unguwarku, kwana biyu a mako bayan La'asar, da sanin iyayensu. Mai hali ya nemi takardar shaida, akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Legas, akwai kuma lasisin horarwa na CAF da ake samu ta hannun hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa.

Na biyu, shugabannin ƙananan hukumomin uku da 'yan siyasarmu. Kofi da riguna masu hoton ɗan takara a lokacin zaɓe mako biyu suke yi su wuce. Da za a ware ɗan alawus na wata-wata ga koci ɗaya a kowace mazaɓa, da an ga bambanci kafin wa'adin mulki ya ƙare. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero da kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega za su iya shirya wa waɗannan kociyoyi gajeren kwas kan taimakon gaggawa da kula da rauni.

Na uku, kada a manta Müller mace ce. Iyaye da yawa da ke hana 'ya'yansu mata motsa jiki za su yarda idan malama ce ke kula da su a cikin makaranta, cikin sutura ta mutunci. A horar da irin waɗannan malamai.

Kai kuma matashin da ke tashe yau, ka riƙa lura da yadda ake koya maka tun yanzu, domin ranar da ƙafa za ta ce ta gaji tana nan tafe, kuma ƙannenka na jira a bakin fili.