Cibiyar jariri da masu tallar "sitem sel"

1/ Jama'a, wata a gurup ɗin danginmu ta turo tallar garin "sitem sel" a leda, wai yana maganin suga, sikila, har shanyewar ɓarin jiki. Mun taɓa darasin nan a zangon da ya wuce, shi ya sa na kasa yin shiru.

2/ A cikin igiyar cibiyar jariri akwai wani abu mai yauƙi da ke kewaye da jijiyoyin jini, Thomas Wharton ne ya bayyana shi tun 1656. Daga nan ake ciro ƙwayoyin. Ba a taɓa uwa, ba a taɓa jariri, igiyar da aka riga aka yanke ce.

3/ Aikinsu da ya fi tabbata kuwa lallashin garkuwar jiki ne. Suna fitar da sinadarai irin su IDO da PGE2, su rage wa ƙwayoyin T zafi, su ƙara yawan masu raba faɗa a cikinsu. Kuma alamar da jiki ke gane baƙo da ita kaɗan ce a kansu, don haka na wani kan shiga jikin wani ba a far musu nan take ba.

4/ Ina amfanin wannan? Bayan dashen ɓargo, wani lokaci garkuwar da aka dasa ita ce ke juyowa kan mai jikin, ta kama fata, hanta da hanji. Tana kisa fa. A Disamba 2024 Amurka ta amince da Ryoncil don yaran da sitiroyid ya kasa musu, amma shi daga ɓargo ake yinsa. A Janairu 2025 Chaina ta amince da nata, na cibiya.

5/ Mu da sikila ta yi mana katutu, nan ne abin ya shafe mu: dashen ɓargo na iya warkar da ita, wannan rikicin kuma na cikin abin da ke sa likitoci ɗari-ɗari da shi. Ƙwayoyin cibiyar su kaɗai ba sa gyara jinin sikila.

6/ Kuma rayayyu ne, a daskare ake ajiye su cikin ruwan nitirojin, ta jijiya ake sakawa. To wane rai ya rage a garin da ya sha rana a shago? Ko da akwai ma, ciki narkar da shi zai yi kamar tuwo.

7/ Abin da ya fi ƙona min rai, gwaggona har ta fara maganar ajiye maganin sugarta. Na kira ta ɗazu, ta ce sai ta ji daga bakin likita tukuna. Litinin zan raka ta.